Tayi Mai Roɗi-Roɗi: A Dasa Ko A Zubar?

A watan Nuwamba na shekarar 2015 wata babbar mujallar likitanci ta ƙasar Amurka ta buga wata 'yar wasiƙa da ta fito daga birnin Rum na ƙasar Italiya. Wasiƙar ba ta wuce shafi biyu ba, amma ta tayar da ƙura a tsakanin masu aikin dashen ciki na duniya baki ɗaya. Masana uku ne suka sa mata hannu, wato Ermanno Greco da Maria Giulia Minasi da Francesco Fiorentino. Labarin da suka bayar shi ne na wasu mata 18 da aka haɗa wa tayi a ɗakin gwaji, sa'an nan awo ya nuna ba su da tayi ko ɗaya mai cikakken lissafin gado. Wanda ke akwai gauraye ne, wasu ƙwayoyin jikinsa daidai, wasu da tangarɗa. A wancan lokaci irin wannan tayi ba a dasa shi, sai dai a ajiye ko a zubar. Bayan an yi wa matan cikakken bayani suka ce sun ji sun gani, a dasa musu. Shida daga cikinsu suka haifi 'ya'ya lafiyayyu garau.

Mai karatu yana iya cewa, to ina ruwan ɗalibin Dandin Mahe ko na Bodinga da abin da ya faru a Rum? Akwai ruwansa ƙwarai. Dashen ciki ya daɗe da isowa Nijeriya. Bayan haihuwar Louise Brown a Ingila ranar 25 ga Yuli 1978, wadda ita ce ta farko da aka samu ta wannan hanya, Farfesa Oladapo Ashiru da Farfesa Osato Giwa-Osagie sun ɗora aikin a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas tun cikin shekarun 1980. A watan Fabrairu na 1998 kuma aka haifi yarinya ta wannan hanya a asibitin Nisa Premier na Abuja a hannun Dakta Ibrahim Wada. Ta fuskar shari'a, tun shekarar 1980 malaman Masar suka ba da fatawar halascin aikin muddin ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, aurensu kuma yana nan. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a yau a ji magidanci daga ƙasar Shagari ya sayar da shanu ko ya jinginar da fadama, ya ɗauki iyalinsa sun yi tafiyar wuni guda zuwa Abuja neman haihuwa. Idan aka miƙa masa takardar sakamako aka ce tayinsa gauraye ne, hukuncin da zai yanke ya rataya ne a kan ilmin halittar da ake koyarwa a ajin sakandare.

Lissafin 46

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. A tsakiyar kowace ƙwaya akwai wasu zarurruka a nannaɗe, su ne ke ɗauke da umarnin gado: launin fata, tsawo, rukunin jini, da dubban abubuwan da ke sa jiki ya ginu ya yi aiki. Masana suna kiran kowane ɗaya kuromosom. A wannan maƙala za mu kira shi zaren gado. Adadinsu a ƙwayar mutum 46 ne, 23 daga uwa, 23 daga uba, an jera su biyu-biyu an ba su lamba daga 1 zuwa 22, ma'aurata na ƙarshe kuma su ne ke bambanta namiji da mace. Abin dariya, fiye da shekara 30 littattafai suna cewa 48 ne, malamai suna koyarwa, ɗalibai suna haddacewa, sai a 1956 Tjio da Levan suka sake ƙirgawa da kyau a ƙasar Suwidin suka ga 46.

Wannan lissafi ba ya son ragi, ba ya son ƙari. Zare guda yana ɗauke da ɗaruruwan umarni, wani ma fiye da dubu, kuma jiki ya saba da karɓar kowane umarni a ma'auni biyu. Idan ya zama uku, ko ya zama ɗaya, kamar miya ce da gishirinta ya zarce ko ya gaza. A 1959 masana a birnin Faris suka gano cewa masu larurar Dawun suna da zare mai lamba 21 guda uku maimakon biyu. Wannan na cikin kurakuran ƙalilan da ake iya haihuwar mai su da rai. Mafi yawan sauran ba sa bari ciki ya yi nisa. Ko dai tayin ya kasa kama mahaifa tun farko, matar ta ga al'adarta ba ta ma san an yi wani abu ba, ko kuwa ya kama ya zube cikin wata uku na farko. Kimanin rabin ɓarin da ake yi a farkon ciki daga nan yake. Ya kamata malamai su nanata wa ɗalibai wannan magana, domin a garuruwanmu mace mai ɓari ba ta rasa mai ɗora mata laifi. Wani ya ce dakan da ta yi ne, wani ya ce iska ce, wata ta ce hannun kishiya ne, alhali sau da yawa an riga an yi kuskuren lissafin tun kafin ta san tana da ciki.

Kuskuren yana aukuwa ne a ɗaya daga cikin lokuta biyu, kuma bambancin lokutan nan shi ne ginshiƙin maganarmu.

Na farko shi ne lokacin da ake shirya ƙwai ko ƙwayar maniyyi. A nan dole ne a raba 46 gida biyu, kowanne ya tafi da 23. Ƙwayayen mace an fara shirya su ne tun tana cikin mahaifiyarta, sa'an nan aikin ya tsaya cak, ba ya ƙarasawa sai a watan da ƙwan zai fito. Ƙwan da ya fito tana da shekara 40 ya yi jiran shekara 40 ke nan, kuma ɗaurin da ke riƙe da zarurrukan yana saki da tsufa kamar tsohuwar igiyar rumbu. Sai ƙwai ya fito da 24 ko 22. Wani bincike na 2014 a Amurka da ya duba tayi fiye da 15,000 ya samu cewa a shekara 35 kimanin ɗaya bisa uku na tayin mace yana da irin wannan kuskure, a shekara 40 ya doshi kashi 60 cikin 100, a shekara 44 kuwa ya doshi kashi 90. Tunda daga ƙwan nan ne duk jiki zai tsiro, kowace ƙwaya ta tayin za ta gaji kuskuren. Babu wadda za ta tsira.

Na biyu shi ne bayan ƙwai da maniyyi sun haɗu lafiya lau da 46 cif. Ƙwaya ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas. A kowane rabo sai an kwafe zarurrukan duka an raba su daidai wa daida. To, a kwanaki ukun farko tayi bai fara gudanar da harkarsa da kansa ba tukuna, yana cin guzurin da ƙwan uwa ya zo da shi ne, kuma masu gadin da ke tsayar da rabo idan an samu matsala ba su kama aiki sosai ba. Mu ɗauka ana matakin ƙwaya huɗu, sai ɗaya daga ciki ta yi rabon son kai, 'yarta ɗaya ta tafi da 47, ɗayar da 45. Yanzu tayin yana da ƙwaya takwas: shida daidai, biyu da tangarɗa, kuma kowacce za ta ci gaba da haifar irinta. Wannan shi ne abin da Turawa ke kira mozayik, suna kamanta shi da adon bango da ake yi da fasassun tangaran launi-launi. Mu a nan mun ce tayi gauraye, ko mai roɗi-roɗi. Wanda ya taɓa ɓare masara ya ga ƙwaya guda fara mai ɗigo-ɗigon ja ya ga ɗan'uwan wannan abu da idonsa, wato jiki ɗaya mai ƙwayoyi iri biyu, ko da yake dalilin na masara daban ne. Shi wannan kuskure na biyu bai damu da shekarun uwa sosai ba. A 2009 masana a birnin Luban na Beljiyam suka duba tayin matasan mata ƙwaya bayan ƙwaya a kwana na uku da na huɗu, suka tarar mafi yawansu suna da wata ƙwaya mai tangarɗa. Ashe roɗi-roɗi a farkon halittar mutum ruwan dare ne.

Awon da ake yi wa tayi

Tun 1990, lokacin da Alan Handyside da abokan aikinsa a Landan suka nuna ana iya cire ƙwaya daga tayi a auna ta kafin a dasa, likitoci suka shiga kwaɗayin tace tayi, a zaɓi mai lissafi daidai a bar saura. Dabarar farko ita ce a cire ƙwaya ɗaya a kwana na uku. An yi shekaru ana sayar wa mutane wannan awo kafin a gwada shi yadda ya kamata. Da aka gwada a ƙasar Holan a 2007, a kan mata 408 masu shekara 35 zuwa 41, sai sakamako ya fito a juye. Cikin waɗanda aka yi wa awon kashi 25 cikin 100 ne suka samu cikin da ya zauna, waɗanda ba a yi wa ba kuwa kashi 37. Dalilan a fili suke ga wanda ya fahimci bayanin da ya gabata. Cire ƙwaya ɗaya daga takwas rauni ne ga tayi, sa'an nan ƙwaya ɗaya ba ta isa ta yi shaida a kan sauran bakwai ba.

Sai aka sauya dabara. Yanzu ana jira har kwana na biyar ko na shida, lokacin da tayi ya zama 'yar ƙwallo mai ruwa a ciki, da ƙwayoyi 100 zuwa 200. A wannan mataki ya rabu kashi biyu. Akwai bangon waje, wanda zai zama mabiyiya, akwai kuma ɗan curi a ciki manne da gefe guda, wanda shi ne zai zama jariri. Ba a taɓa curin. Daga bango ake yanko ƙwayoyi 5 zuwa 10, a daskarar da tayin, a aika da abin da aka yanko ɗakin gwaji. Sunan awon a takardun asibiti PGT-A.

Manomi ya san wannan aiki ko da bai san sunansa ba. Idan ya kai buhun dawa kasuwa, mai saye ba ya zazzage buhun. Ƙarfen nan mai tsini yake soka wa, ya zuba 'yan ƙwayoyi a tafin hannu ya duba. Idan buhun kaura ce zalla ko farafara zalla, tafin hannu ba ya ƙarya. Idan kuwa an gauraya su, to abin da ya fito ya danganta ga inda ƙarfe ya shiga. Ga lissafi ga ɗalibai su gwada a allo. A ce ɗaya bisa huɗu na ƙwayoyin tayi suna da tangarɗa, kuma sun watsu ko'ina daidai. Damar a ɗebo biyar duka su zamo lafiyayyu ita ce 3/4 a ninka ta da kanta har sau biyar, wato 243/1024, kusan kashi 24 cikin 100. Ma'ana, kusan ɗaya cikin huɗu na irin wannan tayi zai wuce a matsayin mai cikakkiyar lafiya, a dasa shi ba wanda ya sani. Kuma a zahiri ƙwayoyin ba sa watsuwa daidai, 'ya'yan ƙwaya guda suna zama ne kusa da juna kamar dangi a unguwa. Ƙarfe na iya faɗawa cikin unguwar masu tangarɗa alhali sauran garin lafiya yake. A ƙara da cewa wannan buhu bakinsa kawai ake sokawa, abin da ake son sani kuwa yana can ciki.

Akwai wani abu kuma da ba kasafai ake gaya wa ma'aurata ba. Na'urar ba ta duba ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. Narkar da su ake yi gaba ɗaya, a ninka abin da ke ciki sau dubbai domin ya isa awo, sa'an nan a auna yawan kowane zare. Idan awo ya ba da 2, an ce daidai ne. Idan ya ba da 3, an ce akwai ƙari a duk ƙwayoyin. Idan ya faɗa tsakani, misali 2.4, sai a fassara cewa kashi 40 cikin 100 na ƙwayoyin suna da ƙari. Fassara ce, ba gani da ido ba. Ninkawar da aka yi tana iya karkata, ƙwaya na iya lalacewa wajen yanka, duk su ba da lambar tsakani. Bisa al'adar da ta yaɗu, abin da ya faɗa tsakanin kashi 20 da kashi 80 shi ake kira gauraye, amma wasu ɗakunan gwaji suna sa iyakarsu daban. Shi ya sa wani ɗaki zai ce ƙasa da 5 cikin 100 na tayin da ya auna gauraye ne, wani kuma ya ce fiye da 20. Tayin bai sauya ba, mudun ne ya bambanta.

Abin da ɓeraye suka nuna

Yaya tayi mai ƙwayoyi iri biyu zai zama jariri mai iri ɗaya? Wadda ta bi diddigin wannan tambaya ita ce Farfesa Magdalena Zernicka-Goetz ta Jami'ar Kambirij, kuma ita kanta ta bayyana abin da ya sa. Tana da ciki bayan ta haura shekara 40, aka auna mabiyiyarta aka ce kimanin ɗaya bisa huɗu na ƙwayoyin suna da tangarɗa. Ta haifi ɗanta lafiya. Ita da ɗalibanta suka koma kan ɓeraye. Suka sa wa wasu ƙwayoyin tayi wani magani mai hana masu gadin rabo aiki, suka haɗa su da lafiyayyun ƙwayoyi, suka zuba ido da na'urar ɗaukar hoto. Sakamakon da suka buga a 2016 ya nuna cewa a cikin curin da zai zama ɗan ɓera, ƙwayoyi masu tangarɗa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, lafiyayyu suna cike gurbinsu. A bangon da zai zama mabiyiya kuwa ba sa mutuwa da sauri, sai dai rabuwarsu ta yi nawa har a bar su a baya. Tayin da rabinsa lafiyayye ne ya rayu. Wanda duka ƙwayoyinsa masu tangarɗa ne bai rayu ba.

Ɓera ba mutum ba ne, amma wannan ya dace da abin da likitocin mata suka sani tun 1983, cewa a cikin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na masu cikin da aka auna wa mabiyiya ana samun ƙwayoyi masu tangarɗa a can, jaririn kuwa akasari ba shi da su. Mabiyiya tana jure abin da jikin jariri ba ya jurewa.

Bayan an dasa

Wasiƙar Rum ta buɗe ƙofa, asibitoci da yawa suka bi. A 2021 Manuel Viotti da abokan aikinsa suka tattara sakamakon dashen tayi gauraye guda 1,000 daga ƙasashe daban-daban, suka kwatanta da tayi 5,561 da awo ya ce lafiyayyu ne. Cikin lafiyayyun, kimanin kashi 52 cikin 100 suka kai ga cikin da ya zauna ko haihuwa. Cikin gaurayen kashi 37 ne. Ɓari a rukunin farko bai kai kashi 9 ba, a na biyu ya kai kashi 20. Sun kuma nuna cewa ba duk roɗi-roɗi ne ɗaya ba. Wanda matsalar ta shafi guntun zare kawai ya fi kowa dama, sai wanda ƙwayoyinsa masu tangarɗa ba su kai rabi ba, na ƙarshe shi ne wanda zarurruka uku ko fiye suka rikice a yawancin ƙwayoyinsa.

Kashi 37 ba ƙaramin abu ba ne ga matar da aka gaya wa ba ta da komai. Amma akwai abin lura a kan wannan kwatanci, kuma darasi ne babba ga mai koyon kimiyya. Wa ake dasa wa tayi gauraye? Akasari matar da ba ta da wani, ko wadda aka dasa wa lafiyayyen ya ƙi zama. Wato tun kafin a fara, rukunin biyu ba su tashi daga wuri ɗaya ba. Antonio Capalbo da abokan aikinsa a Italiya suka toshe wannan kafa. Suka yi awon, amma suka ɓoye sakamakon roɗi-roɗi mai sauƙi daga likita da majinyaciya, aka zaɓi tayin da za a dasa bisa kyawun surarsa kawai. Sai bayan an haihu aka buɗe takardu. Cikin tayi 484 masu lissafi daidai, kashi 43 cikin 100 suka zama jarirai. Cikin 282 masu roɗi-roɗin kashi 20 zuwa 30, kusan kashi 43 ne. Cikin 131 masu kashi 30 zuwa 50, kashi 42 ne. Ɓari ma bai bambanta ba. Wannan ma a 2021 aka buga shi. A ganina shi ne bincike mafi nauyi a wannan fage, domin shi ne ya hana tsammanin mutane shiga cikin sakamako. Abin da ya nuna shi ne, idan tangarɗar da aka gani ba ta kai rabi ba, lakabin "gauraye" bai gaya mana komai game da makomar tayin ba.

Kada a ɗauka awon banza ne ɗungurungum. Inda buhu iri ɗaya ne zalla, ya iya aikinsa. A wani bincike na Amurka na wannan shekarar, an dasa tayi 102 waɗanda daga baya aka ga awo ya ce duka ƙwayoyinsu suna da ƙari ko ragin cikakken zare, babu ɗaya da ya kai haihuwa. A tsakiya ne awon ke rawa.

Saura tambayar da ta fi ci wa iyaye rai. Idan cikin ya zauna, yaron zai fito da naƙasa? A 2023 rukunin Viotti suka kwatanta jarirai 488 da aka samu daga tayi gauraye da wasu 488 daga lafiyayyen tayi. Nauyinsu a ranar haihuwa da tsawon zamansu a ciki duk ɗaya ne. Cikin masu ciki 250 da aka yi wa awo kafin haihuwa, uku kacal aka samu tangarɗar ta bi ɗan. Ƙalilan ne, amma ba sifiri ba ne. A 2020 likitoci a Istambul sun ba da rahoton wata jaririya wadda awon tayinta ya nuna ragin zare mai lamba 2 a kashi 35 cikin 100, aka haife ta da ƙoshin lafiya, amma aka samu ragin a kashi 2 cikin 100 na ƙwayoyin jininta. A 2022 kuma an ba da rahoto daga Kanada na wani jariri da aka haifa da matsala a zare mai lamba 15, wato zaren da awon tayinsa ya nuna. Likitan da ya ce babu haɗari ko kaɗan bai faɗi gaskiya ba, haka ma wanda ya ce a zubar kawai.

Mu dawo gida

Matsalar haihuwa a ƙasarmu ba irin ta Turai ba ce ta kowace fuska. A can yawancin masu neman dashen ciki sun manyanta, ƙwayayensu sun tsufa. A nan kuwa wani babban bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya da aka buga a 1985 ya samu cewa kusan rabin matan Afirka da suka je asibiti kan rashin haihuwa hanyoyin ƙwansu biyu ne suka toshe, akasari saboda ciwon sanyi ko cutar da ta shiga bayan haihuwa ko ɓari. Irin wannan mata, wadda likita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo zai yi wa hoto ya ga hanya a rufe, sau da yawa shekarunta ba su wuce 30 ba, kuma ƙwayayenta lafiya lau suke. Hanya ce kawai babu. Shin tana bukatar awon zaren gado, wanda kuɗinsa ƙari ne a kan kuɗin dashen? An gwada wannan a ƙasar Sin a kan mata 1,212 masu shekara 20 zuwa 37, aka buga a 2021. Waɗanda aka yi wa awon, kashi 77 cikin 100 suka haihu. Waɗanda ba a yi wa ba, kusan kashi 82. A 2023 hukumar da ke sa ido kan wannan aiki a Birtaniya ta bayyana cewa awon yana rage ɓari, amma ga yawancin mata ba ya ƙara damar samun ɗa, yana ma iya rage ta. Awo ba ya gyara tayi. Iyakarsa ya jera su, wani lokaci kuma ya fitar da mai rabo daga layi.

A nan sai a yi hattara kada a haɗa awo biyu. Akwai wanda ake yi wa tayin ma'auratan da dukansu ke ɗauke da rukunin AS, domin a kauce wa haihuwar mai sikila. Wannan ana yin sa a Nijeriya, kuma tambayarsa daban ce, domin yana neman sauyin harafi guda ne a zare mai lamba 11, wanda tayi ya gada tun ranar farko kuma yana cikin kowace ƙwayarsa. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin huɗu yake da AS, amfaninsa ba ɓoyayye ba ne. Maganar roɗi-roɗi ba ta rushe shi ba.

Ma'auratan da aka ba takarda mai cewa tayinsu gauraye ne suna da haƙƙin su tambayi wane zare ne abin ya shafa, dukansa ne ko guntu, kashi nawa ne, kuma wace iyaka ɗakin gwajin yake amfani da ita. Tayin da aka daskarar a sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri yana iya jira shekaru ba tare da ya lalace ba, saboda haka babu dalilin gaggawar sa hannu a takardar zubarwa. Idan akwai wanda awo ya ce lafiyayye ne, galibi da shi ake farawa, a bar gaurayen a ajiye domin gaba. Idan an dasa gaurayen ciki ya zauna, ana bin sa da hoto kamar kowane ciki, sa'an nan ga mai son tabbaci akwai awo iri biyu. Ɗaya ana yanko ɗan guntun mabiyiya ne a mako na 11 zuwa na 13, amma wannan komawa ce ga bangon da aka riga aka soka tun farko, yana iya maimaita tsohon labari. Ɗayan kuwa ana zuƙo ruwan da jariri ke kwance a ciki da siririyar allura daga mako na 15 zuwa sama. Ƙwayoyin da ke yawo a ruwan nan daga fatar jaririn da mafitsararsa suka zubo, don haka shi likitoci suka fi ba da shawara a yi bayan dashen tayi gauraye.